Risala a kan Dukiyar Sarakunan Bani Isra'ila da Dawakinsu

Da sunan Allah nake farawa. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai bai wa wanda ya so mulki, Mai karɓe shi daga wanda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da 'yan'uwansa annabawa baki ɗaya.

Bayan haka. Wani daga cikin almajiraina ya tambaye ni, muna cikin karatun ƙissar Ɗalutu, ya ce: Malam, mutanen littafi me suka rubuta a kan sarakunan nan? Dukiyarsu nawa ce, rundunarsu nawa, kuma ina suka tafi? Na ga tambaya ce mai amfani, sai na tara masa abin da ya sawwaƙa cikin waɗannan takardu. Allah nake roƙo ya kiyaye alƙalamina daga ƙari da ragi.

Gabatarwa

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya datar da ni da kai, littattafan Yahudu 24 ne bisa ƙidayarsu, sun kasa su kashi uku: Attaura, da Annabawa, da Rubuce-rubuce. Labarin sarakuna yana cikin littafin Sama'ila da littafin Sarakuna da littafin Tarihi. Littafin Sarakuna yana ƙarewa da labarin da ya faru wajen shekara ta 561 kafin Miladiyya, ke nan an gama tara shi bayan wafatin Annabi Sulaimanu da fiye da shekara 350, ko da yake mai tarawar yana ambaton tsofaffin takardun fada da ya ciro daga cikinsu. Dukkan shekarun zamanin sarakunan nan da zan kawo na kafin Miladiyya ne, suna raguwa yayin da zamani ke matsowa.

Malamanmu, kamar Ibnu Kasir wanda ya rasu a 1373, sun kasa isra'iliyyat kashi uku: abin da littafinmu ya gaskata, da abin da ya ƙaryata, da abin da ya yi shiru a kansa. Dawuda da Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, annabawa ne a wurinmu. Littafin Sarakuna yana jingina wa Sulaimanu karkatar zuciya a tsufansa, Alƙur'ani kuwa ya barrantar da shi daga kafirci cikin suratul Baƙara, saboda haka wannan na kashi na biyu ne. Amma ƙidayar zinariya da dawaki da haraji mafi yawansu na kashi na uku ne, ana hikayarsu domin lura, ana auna su da hankali. Kadan na ce sun ce, to hikaya nake yi.

Ma'auninsu biyu ne. Shekel ya kai giram 11 da 'yan kai. Kikkar, wanda ake ce wa talanti, shekel 3,000 ne, wajen kilo 34.

Fasali na farko: sharaɗin sarki

Cikin littafi na biyar na Attaura akwai sharaɗin da aka gindaya wa sarki tun ba a naɗa shi ba. Ya zama ɗan ƙabila, ba baƙo ba. Kada ya yawaita dawaki, kada ya mai da mutane Masar domin neman dawaki. Kada ya yawaita mata, kada ya tara azurfa da zinariya da yawa. Ya juya littafin shari'a ya ajiye a wurinsa, yana karantawa muddin ransa, domin kada zuciyarsa ta ɗaukaka bisa 'yan'uwansa.

Doki a zamanin nan dokin karusa ne, watau keken yaƙi mai ƙafa biyu wanda dawaki ke ja, da mai tuƙi da maharbi a kai. Karusa ba ta tsayuwa sai da barga da hatsi da maƙera da masu horo, waɗannan kuwa ba su samuwa sai da haraji. Wanda ya hana sarki yawan dawaki ya taƙaita hannunsa cikin rumbun talakawa.

Sun ce da dattawa suka zo wurin Sama'ila neman sarki, ya gargaɗe su. Ya gaya musu sarki zai ɗauki 'ya'yansu maza domin karusansa da gonakinsa da ƙirar makamansa, ya ɗauki 'ya'yansu mata domin haɗa turare da dafuwa da tuya, ya karɓe kyawawan gonakinsu ya ba bayin fadarsa, ya ɗauki ɗaya bisa goma na hatsi da na garke. Suka ƙi ji, suka ce suna son wanda zai fita gabansu ya yi musu yaƙi kamar sauran al'ummai. Kuma suna da uzuri, domin Filistiyawa sun matsa musu har ba a bar maƙeri ko ɗaya a ƙasarsu ba, mai son wasa gatari sai ya gangara wurin abokan gaba. Tsoro ya sa suka nemi sarki, suka yarda da tsadarsa.

Fasali na biyu: Ɗalutu da Dawuda

Ɗalutu, wanda suke kira Shawulu, ba mai dukiya ba ne. Kai ma ka karanta cikin Baƙara yadda suka raina shi domin ba a yalwata masa dukiya ba. Littafinsu ya ce labarin yaƙinsa na farko ya same shi yana dawowa daga gona a bayan shanu, kuma wata rana ya tsaya gaban Filistiyawa da mutum wajen 600, babu mai takobi ko mashi sai shi da ɗansa.

Dawuda ya ci Baitul Muƙaddas ya mai da shi mazaunin mulki. Sun ce da ya ci Hadadezer sarkin Zoba, ya kama dawakin karusa masu yawa, sai ya datse agararsu, bai bar sai na karusa 100 ba. Zinariya da azurfar ganima kuwa ya keɓe su ga Ubangiji. Shi da 'ya'yansa alfadarai suke hawa, bisa alfadarar Dawuda aka ɗora Sulaimanu ranar naɗinsa. Ƙasar Yahuza duwatsu ce da kwazazzabai, dakaru suka fi amfani a cikinta. A shekarar 1993 Miladiyya masu tonon kufai suka sami dutse a Tel Dan, wani sarkin Sham ya sa an rubuta shi cikin ƙarni na 9, yana ambaton gidan Dawuda.

Fasali na uku: mulkin Sulaimanu bisa ƙidayarsu

Ya yi mulki shekara 40, daga wajen 970 zuwa 931. Sun ce zinariyar da ke shigo masa a shekara talanti 666 ce, ya haura tan 20, ban da kuɗin fatake. Jiragensa tare da na Hiram sarkin Taya suka kawo talanti 420 daga Ofir. Sarauniyar Saba ta kawo 120. Ya sa aka ƙera manyan garkuwoyi 200 na zinariya, kowace shekel 600, kusan kilo 7, da ƙanana 300, aka ajiye su cikin wani zaure na fada. Ka riƙe garkuwoyin nan a zuciyarka, za mu komo gare su.

Yana da karusa 1,400 da barade 12,000, ya zuba su cikin biranen karusa. Fatakensa suna sayo karusa daga Masar a kan shekel 600 na azurfa, doki a kan 150, suna sayar wa sarakunan Hittiyawa da na Sham. Ƙasar tana tsakanin Masar da Sham, ayari ba ya wucewa sai ta cikinta, wannan ne asalin ribar.

Sa'an nan ga abin da aka biya. An kasa ƙasa kashi 12, kowane hakimi yana ciyar da fada wata guda a shekara, har da sha'ir da ciyawar dawaki. Yankan fada na yini guda shanu 30 ne da tumaki 100. An ɗebi mutum 30,000 aikin tilas, 10,000 kowane wata suna tafiya Lubnan saran itace, wata guda can, wata biyu gida. Masu dako 70,000, masu fasa dutse 80,000. Ginin Haikali ya ci shekara 7, ginin fada 13. Da aka gama, sun ce an ba Hiram garuruwa 20 na ƙasar Galili, ya zo ya duba su, ba su gamshe shi ba.

Faɗakarwa a kan ƙidaya

Kada adadi ya ruɗe ka, domin shi ne abin da ya fi saurin ɓaci a hannun masu juyar littafi. Littafin Sarakuna ya ce bargar Sulaimanu ta dawaki 40,000 ce, littafin Tarihi ya ce 4,000. Ka auna da kanka: karusa 1,400, kowace da doki biyu da na uku na canji, dawaki 4,200 ke nan. Ka ga 4,000 ya fi kusa. Haka zinariyar Ofir, 420 a littafi guda, 450 a ɗayan. Haka ƙidayar mayaƙan Dawuda, 800,000 da 500,000 a littafin Sama'ila, 1,100,000 da 470,000 a littafin Tarihi.

Ibnu Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377, ya riga mu wannan awo. Ya ƙi yarda da abin da Mas'udi ya kawo cewa rundunar Bani Isra'ila zamanin Annabi Musa ta kai 600,000. Hujjarsa ita ce Farisa ta fi su girman mulki nesa, amma abin da Rustum ya tara a Ƙadisiyya 120,000 ne, kuma kakanni huɗu kaɗai ke tsakanin Musa da Yaƙuba. Amma ya karɓi 12,000 da 1,400 na Sulaimanu, ya ga sun yi daidai da hankali.

Masu tonon kufai ma sun yi tuntuɓe a nan. A 1928 mutanen jami'ar Shikago suka tono dogayen gine-gine masu turaku da komaye a Magiddo, masu ɗaukar dawaki wajen 450, suka yi gaggawa suka ce bargar Sulaimanu ce. Waɗanda suka zo bayansu suka duba da kyau, suka mai da ginin ga sarakunan arewa na ƙarni na 9 ko na 8. Har yau malaman wannan fanni suna da saɓani a kan girman daular ƙarni na 10, waɗansu suna faɗaɗa ta, waɗansu suna ƙuntata ta.

Fasali na huɗu: rabuwar mulki

Da Sulaimanu ya yi wafati, jama'a suka taru a Shekem domin naɗin ɗansa Rehobowam. Suka roƙe shi ya sassauta musu aiki da haraji, su kuwa su yi masa biyayya. Ya ce su dawo bayan kwana uku. Dattawan fadar ubansa suka ce ya yi musu magana mai taushi. Samarin da suka tashi tare da shi suka ce ya tsananta. Ya bi samarin, ya ce zai ƙara bisa abin da suka sani. Ƙabilu goma suka juya baya. Ya aika musu da Adoram, shugaban aikin tilas, suka jefe shi da duwatsu har ya mutu, sarki ya haye karusarsa ya gudu Baitul Muƙaddas. Daga ranar mulki ya zama biyu, Isra'ila a arewa, Yahuza a kudu. Babu wata rundunar waje da ta yi wannan, magana guda ce a bakin sarki.

Cikin shekara ta biyar ta sarautarsa, wajen 925, Shishak sarkin Masar ya hauro. Ya kwashe taskar Haikali da ta fada, har da garkuwoyin zinariya. Rehobowam ya ƙera na tagulla a madadinsu. Duk sa'ad da zai shiga Haikali dogarai su ɗauko su, in ya fito su mai da su ɗakin tsaro. Shishak ɗin nan shi ne Shoshenk na farko, sunayen garuruwan da ya ce ya ci, wajen 150, suna nan a bangon Karnak a Masar, kuma an sami gutsuren dutse mai sunansa a Magiddo.

Fasali na biyar: gidan Omri

A arewa ƙarfin doki ya yi ƙamari, domin can ne filayen noma suke. Omri ya gina Samariya, ɗansa Ahab ya gina ɗaki da hauren giwa, kuma an tono gutsattsarin sassaƙen haure masu yawa a kufan birnin cikin shekarun 1930. Mesha sarkin Mowab yana biyan su 'yan raguna 100,000 da ulun raguna 100,000, har ya yi tawaye bayan mutuwar Ahab. Dutsen Mesha, wanda aka samu a Diban a 1868, yana ambaton Omri da sunansa.

Ga abin mamaki. Shalmanesar na uku sarkin Assuriya ya rubuta cewa a yaƙin Ƙarƙar, shekara ta 853, Ahab ya zo da karusa 2,000 da dakaru 10,000, alhali sarkin Dimashƙa da karusa 1,200 ya zo. Ko da marubucin ya ƙara gishiri, wannan babban sarki ne. Amma littafin Sarakuna bai ambaci yaƙin nan ko da kalma guda ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne gonar inabin wani talaka mai suna Nabot a Yezreyel. Sarki ya nemi ya saya, Nabot ya ƙi domin gadon kakanninsa ce. Matar sarki Yezebel ta rubuta wasiƙu da hatiminsa, aka kawo shaidun zur biyu, aka jefe Nabot. Sarki ya shiga gonar, Annabi Ilyasu ya tarye shi a cikinta ya faɗa masa ƙarshen gidansa. Daga nan za ka gane abin da marubutan ke aunawa: gona guda da aka ci da zalunci ta fi karusa 2,000 nauyi a ma'auninsu. Ahab ya mutu cikin karusarsa a Ramot Gileyad, ya ɓad da kama, kibiyar da aka harba ba da nufinsa ba ta shiga tsakanin sulkensa. Ba a cika shekara 60 bayan Ƙarƙar ba, sarakunan Dimashƙa suka tauye Isra'ila har ba a bar wa sarki Yehowahaz ba sai barade 50 da karusa 10 da dakaru 10,000.

Fasali na shida: yadda taska ta ƙare

Kadan ka bi littafin Sarakuna da lura za ka ga yana ƙidaya fitar zinariya kamar yadda ya ƙidaya shigarta. Asa sarkin Yahuza ya kwashe abin da ya rage ya aika wa sarkin Dimashƙa domin ya taimake shi a kan ɗan'uwansa na arewa. Yehowash ya ba Hazayel domin ya janye. Ahaz ya ba Tiglat Filesar domin ya cece shi. A arewa Yehu ya kai gaisuwa ga Assuriya a 841, surar kai gaisuwar tana kan wani baƙin dutse da aka tono a Nimrud a 1846, yana Landan yanzu. Menahem ya biya talanti 1,000 na azurfa wajen 738 domin a tabbatar masa da sarauta, ya aza shekel 50 a kan kowane mai hali. Ka yi lissafi, mutum 60,000 suka biya kuɗin gadon mutum guda. Samariya ta faɗi a 722. Sargon na biyu ya rubuta cewa ya kwashe mutum 27,290, ya zaɓi karusa 50 ya haɗa da rundunarsa. Abin da aka tara domin tsaron ƙasa ya koma hannun wanda ya ci ta.

A 701 Sennakerib ya zo wa Hezekiya. Hezekiya ya yi shiri, ya haƙa hanyar ruwa cikin dutse mai tsawon mita 533 domin birni ya sha cikin ƙawanya, tana nan har yau. Sennakerib ya ce ya ci garuruwa 46 masu ganuwa. Hezekiya ya biya zinariya talanti 30, a wannan littafinsu da rubutun Assuriya sun daidaita, amma azurfa 300 ce a nan, 800 a can. Har zinariyar ƙofofin Haikali ya ɓamɓare. Jakadan Assuriya ya tsaya bakin ganuwa yana ba'a, ya ce zai ba su dawaki 2,000 in suna da masu hawa. Dogaronsu na dawaki a sa'an nan yana ga Masar, Annabi Ishaya kuwa yana hana su wannan dogaro. Masar ba ta cece su ba, amma birnin bai faɗi ba. Littafinsu ya ce mala'ika ya hallaka rundunar cikin dare, Sennakerib kuwa, duk da yawan alfaharinsa, bai ce ya shiga birnin ba.

Bayan wannan sai gangara. Fir'auna Neko ya aza musu talanti 100 na azurfa da guda na zinariya a 609, sarki Yehoyakim ya tatso su daga talakawa, sa'an nan ya shiga ginin bene da aikin da ba lada, Irmiya yana tsawata masa. A 597 Bukhtanassar sarkin Babila ya ci birnin, ya farfasa kayan zinariyar da suka ce Sulaimanu ya yi, ya kwashi mayaƙa 7,000 da maƙera da masu sana'a 1,000. A 586 ya komo ya ƙone Haikali da fada, ya kakkarya ginshiƙan tagulla ya kai Babila. Bai bar kowa ba sai matalauta masu noma da gyaran inabi. Mutanen da suka fara ba maƙeri sun ƙare ba maƙeri.

Rufewa

Ga amsar tambayarka, ya ɗana. Dukiyar ta shigo ta hanyar ganima da fatauci da wuyan talakawa, ta fita ta hanyar gaisuwa da fansa da ganima. Ba na ce maka dukiya da runduna abin zargi ne ba, domin Allah ya ba Sulaimanu mulkin da bai ba kowa ba, ya kuwa gode. Mutanen Sama'ila ma da gaskiyarsu, ƙasar da ba ta da takobi ganimar maƙwabta ce. Masu hikima na dā sun ce mulki da runduna yake tsayuwa, runduna da dukiya, dukiya da noma, noma kuwa da adalci. Rehobowam ya gaji runduna da dukiya cikakku, ya saki adalci a Shekem, bai cika shekara biyar ba yana shiga Haikali bayan garkuwar tagulla.

Abu biyu nake so ka ɗauka. Na farko, kada ka faɗi adadi a majalisi sai ka auna shi, ko da ka same shi a rubuce, kada kuma ka jingina wa annabi abin da bai dace da shi ba domin ka same shi a littafin wasu. Na biyu, watakila wata rana mai mulki ya zaunar da kai ya nemi shawararka, kamar yadda Rehobowam ya nemi ta dattawa da ta samari. Ranar nan ka tuna da wanda aka aika ya karɓo aikin tilas, da abin da ya same shi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah shi ne mafi sani. Ya ƙare da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Wanda ya ga kuskure ya gyara, wanda ya juya wannan takarda ya kiyaye adadinta, ya sa ni da mahaifana da malamaina cikin addu'a. Tsira da aminci su tabbata ga cikamakin annabawa. Amin.